Gajimaren da Na Sa a Ƙafafunki

Zuwa ga Erdoo, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar mangwaron da nake gudu gare ta idan ranar Lafiya ta take tsaka. Ke da murmushinki ya fi furen riɗi haske da hantsi, ke da muryarki ke kwantar mini da hankali ko da kasuwa ta hargitse, ke da nake ambaton sunanki a zuci ina awon yadi har in manta inda na tsaya! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da majinyatanki na Ashige.

Kin ga bakin ɗan kasuwa ko? Ya tafka ɓarna, amma bai fasa jero daɗin baki ba. Wallahi Erdoo, kaina a sunkuye nake rubuta waɗannan kalmomi, kamar kina tsaye a ƙofar shago kina kallona. Na kira wayarki har na fara jin kunyar wayar kanta, tana ta ƙara ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba ko kaɗan. Shi ya sa na koma irin ta iyayenmu, takarda da biro, zan ba direban motar Ashige ya miƙa miki a wurin aiki. In kin ga dama ki naɗe ƙosai da ita, ta cancanci haka. Roƙona dai shi ne, kafin ƙosan, ki daure ki kai ƙarshenta.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Mama Cordelia, mahaifiyarki, ta janye izinin da ta bayar cewa Baffa Sadisu, ƙanen mahaifina, ya zo gidanku gaisuwar neman aurenki. Kin fi kowa sanin irin lallashin da aka sha kafin ta furta wannan izini. Bahaushe, musulmi, mai sayar da atamfa a kasuwar Lafiya, ya ce yana son 'yarta tilo mace! Sau nawa kika tsuguna gabanta? Sau nawa yayanki Tavershima ya sa baki? Ginin da kuka daɗe kuna ɗorawa bulo bayan bulo, ni da hannuna na rushe shi da yatsa ɗaya, ina murmushi, ina zaton kyauta nake miki. Goron da Baffa ya tanada yana nan a ɗakina cikin ganyensa, kullum sai na yayyafa masa ruwa don kada ya bushe.

Kin tuna ranar kasuwar Doma? Ni kam ko mutuwa na yi na dawo ba zan manta ba. An tura ki aiki asibitin Ashige, an ba ki farar rigar nas, kika rantse babu majinyacin da zai ga rigar nan a jikinki kafin Mama ta gani. Muka shiga mota tare, kina zaune a ɗofane don kada ta yamutse, ina ta tsokanarki wai amarya ma ba ta kai ki iyayi ba. An yi ruwa da safe, layin 'yan doya ya zama jan taɓo, kina ɗaga ƙafa ɗaiɗai kamar balbela a fadama. Da Mama ta hango ki sai ta saki guɗa, matan layin suka amsa mata. Kika tsaya gefen tarin doyarta, ita tana zaune a kan 'yar kujerarta ta tsuguno, ta miƙa hannu ta kamo bakin rigarki ta ɗaga, tana cewa, "Ke, taɓo zai ɓata rigan!" Kika tuntsire da dariya, ni kuma na zaro waya na ɗauka. A ranar ta ba ni gasasshiyar doya da manja da hannunta, a ranar kuma ta fara kirana Kalilu. Kafin nan sunana a wurinta "mai atamfan nan" ne.

Da na bar hoton nan yadda Allah ya yi shi, da yanzu ɗinkin babbar rigar Baffa muke magana. Amma ina! Sai zuciya ta raya mini cewa hoton waya kowa na da shi, ni sai na yi miki abin da ba a taɓa yi wa wata ba a kaf garin nan. Kin san tsohuwar kwamfutar da nake tara hotunan atamfa a ciki don tura wa masu anko. Na sa aka ɗora mini manhajar gyaran hoto, na shiga kallon bidiyon masu koyarwa. Da an sallame azahar, lokacin da kasuwa ke yin tsit kowa na gyangyaɗi a bakin shagonsa, sai in jawo ta in ɗora a kan dilar atamfa in duƙufa. Maƙwabtana suka ɗauka lissafin kaya nake yi, har ana yaba mini wai na fara hankali.

Abin da nake nema shi ne yadda ake sa hoto ya dusashe a hankali, ya narke cikin wani abu ba tare da an ga inda ya yanke ba. Ashe ba goge hoton ake yi ba. Wani lulluɓi ake ɗora masa, kamar a shimfiɗa siririn mayafi a kan zane. Sai ka ɗauko abin da ke zuba launi daga baƙi zuwa fari, ka danne linzamin kwamfutar, ka ja layi daga ƙasa zuwa sama. Inda baƙi ya sauka, hoton ya ɓuya. Inda fari yake, ya fito sarai. A tsakaninsu kuwa, inda launin ya koma toka-toka, sai ya riƙa sirancewa kaɗan-kaɗan har ido ya kasa cewa ga ƙarshensa. In layin ya yi gajere, sai abin ya yanke kamar an sa almakashi. In ka ja shi da tsawo, sai ya narke kamar hayaƙin girki. Kin ji yadda na iya bayani? Ilimin da bai amfane ni da komai ba ke nan sai jan magana.

Karon farko na datse ki a gwiwa, kika tsaya kamar an sare kututture. Karo na biyu na ja layin a juye, kanki ya ɓace ɓat, doya ta tsaya cas tana kallona, na yi dariya ni kaɗai har mai shagon gefe ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na yi ta ja ina komawa baya, ina ja ina komawa, har ranar da hannuna ya faɗa daidai. Daga kafaɗarki zuwa sama kina nan tas, haƙoranki farare, idanunki na sheƙi. Daga ƙugu kin fara sirancewa, kafin a kai gwiwa kin narke. A ƙarƙashinki na shimfiɗa hoton sararin sama da na taɓa ɗauka a hanyar Kwandere bayan ruwa ya ɗauke, shuɗi da farin gajimare kamar sabuwar auduga. Na rubuta sunanki a ƙasa da ruwan zinare. Na ja da baya na ƙare masa kallo, na ce kai, Kalilu, ashe kai ma gwani ne! Ki duba wannan abu, don Allah. Ni da nake wuni ina rantse wa mata cewa atamfata ba ta koɗewa ko a rana aka shanya ta, ni ne na zauna na ɓata lokacina ina koyon yadda zan koɗar da ke.

Na tura shi cikin waya, na ɗora a sitatus ranar da kika cika mako da kama aiki. Na rubuta a ƙasansa, "Allah ya sanya albarka a aikinki, farin cikin raina." Har na kai yatsa zan tura, sai na tuna Baffa yana da lambata, yayyena mata suna da ita, har limamin layinmu yana da ita. Kunya ta kama ni. Yaya za a yi saurayi ya kira budurwa farin cikin ransa a gaban baffansa? Na goge rabin maganar, ragowar ma ta yi mini nauyi, na goge ta duka. Na ce ai hoton zai yi magana da kansa. Ya kuwa yi, Erdoo. Ya yi maganar da ban aike shi ba.

A garin nan aka haife ni, a nan na yi wayo. Kullum ina wuce fostocin nan da ake mannawa a turakun wuta da katangun coci, fuskar mutum cikin fararen kaya tana narkewa cikin gajimare, sunansa a ƙasa da manyan haruffa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na san na rasuwa ne. Amma na ɗauka gicciyen da rubutun ne ke faɗin mutuwar, gajimaren ado ne kawai da ake yi wa wanda ake ƙauna. Mu a gidanmu in mutum ya cika, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa, babu hoto babu fosta, labari a baki yake yawo. Shekara da shekaru ina sayar wa mutanenku baƙin yadi da farin yadi na zaman makoki, ina cewa Allah ya ba da haƙuri, amma ban taɓa tsayawa gaban fosta ɗaya na kalle ta da idon mai ita ba. Wannan wane irin zaman tare ne? Wane irin maƙwabci ne ni, balle a ce suruki?

Sauran labarin kin fi ni saninsa, domin a kanki ya sauka, ni tsintarsa na yi a bakin mutane. Wata 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinku da ke sayen anko a wurina ta ga hoton, ta ga farar riga, ta ga gajimare, ta ga suna babu ko kalma, ta ɗora hannu a ka. Ta kira wayarki, ashe wayar tana cikin jaka a ɗakin ma'aikata kina bakin aiki. Ta sake kira, shiru. Ta tura hoton Doma. An ce Mama tana tsakiyar ciniki aka nuna mata. Ta bar doyarta a buɗe, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba, ta haye bayan babur da silifas ƙafa ɗaya. Daga Doma ta ratsa ta tsakiyar Lafiya, ta wuce ta bakin kasuwar da nake zaune ina awon yadi, har Ashige, tana kiran sunanki a hanya. A gidanku kuwa mata har sun fara jera kujeru a tsakar gida.

An ce ta faɗa asibitin da kuka, ta same ki kina ɗora jariri a kan sikeli. An ce ta kama fuskarki da hannu biyu tana shafawa, sannan ta sulale ƙasa, sai da kuka kwantar da ita a gadon majinyata kuka auna jininta. A makonki na farko a wurin aiki, gaban shugabarki, gaban matan da suka kawo awo! Wayyo Erdoo, ya hasken gidanku, da wane ido zan kalle ki? Uwa ta yi wannan doguwar tafiya tana binne 'yarta a zuci, ni kuwa a daidai lokacin ina leƙa waya ina jin daɗi wai mutane da yawa sun kalli aikina.

Ina cikin wannan jin daɗi Tavershima ya faɗo shagona, idanunsa jajur, rigarsa a jiƙe da gumi. Bai zage ni ba. Ya kama hannuna, ya ce, "Kalilu, me ya same ta? Wane asibiti aka kai gawan?" Na yi tsuru-tsuru, na ce gawar wa? Ya nuna mini hoton da na yi da hannuna. Na shiga in-ina ina cewa ado ne, murna ce, taya ki farin ciki nake yi. Ya daɗe yana kallona. Da ya ɗauke ni da mari da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya saki hannuna ya ce, "Haba Kalilu. Kai ɗan garin nan ne fa. Abeg cire wannan abu." Ya zauna a kan bencina ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza, ban san ko kuka yake ko ajiyar zuciya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yanzu a layinmu ba mai kirana da sunana, daga "mai gajimare" sai "mai aika mutane sama", har masu turin baro sun ɗauka.

Baffa ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce kunyar da ta hana ni rubuta kalma biyu a ƙasan hoto ba kunya ba ce, wauta ce da ta ari rigar kunya, kuma shi bai ga abin da zai kashe shi ba don ɗansa ya yi wa yarinya addu'a a fili. Ya ce ba zai taka Doma ba sai an sake kiransa, domin dattijo ba ya kutsa kai gidan da aka rufe masa ƙofa. Na ce gaskiya ne. Na koma ina ta tsara yadda zan ba da haƙuri kan firgicin da na jawo, ina zaton shi ke nan laifina, babba ne amma na rashin sani.

Ashe ban ma san laifina ba tukuna. Tavershima ya sake dawowa shago da saƙo, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwan da na miƙa masa. Ya ce da irin Hausar nan tasa, "Mama ya ce tsoron da ya ji, wannan ya wuce, don ba ka sani ba. Amma ya ce in tambaye ka abu ɗaya. Ya ce, ranan da aka ɗauki hoton nan ina wurin, ni na riƙe rigan. Ina ya kai ni?"

Erdoo! Ina na kai ta? Layin nan da na ja daga ƙasa zuwa sama, baƙinsa a kan wa ya fara sauka? Mama ce a ƙasan hoton, a zaune, a daidai ƙafafunki. Ita na fara rufewa, kafin taɓo, kafin doya. Wallahi ban taɓa cewa a raina bari in cire Mama ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai: ban ma lura ina cire ta ba. Na ga taɓo, na ga kwanon awo, na ga buhu, na ce waɗannan za su ɓata mini aiki, na haɗa da ita cikin tarkacen kasuwa na lulluɓe. Na yi ta ja ina gyarawa, fuskarta na ɓacewa tana dawowa a gabana, hankalina na kan ko gajimaren ya zauna daidai. Na kuma tambayi kaina wata tambayar da ta fi wannan ɗaci. Shin ba so nake dangina su ga nas cikin farar riga ba, kada su ga 'yar mai doya? Na juya tambayar ta kowace fuska ina neman inda zan kuɓuta, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Alhali doyar nan ce ta kai ki makaranta, hannun nan ne ya yi kunyar doya ya yi kaftu har kika sa rigar da nake taƙama da ita.

Bayan ya tafi na jawo kwamfutar jikina a sanyaye. Na gaya miki ba goge hoto ake yi ba, rufe shi ake yi. Dannawa ɗaya na yi, lulluɓin ya yaye, gajimaren ya kau, komai ya dawo. Ga jan taɓo, ga tarin doya, ga takalmanki a ƙasa sun taka gari kamar na kowa. Ga Mama. Na ƙara girman hoton na tsaya ina kallonta, kallon da ban yi mata ba ranar da take gabana. Ba wayata take duba ba, ke take kallo, ta ɗaga kai sama, bakinta a buɗe da dariya, idanunta sun kawo ruwa. Yatsunta duk faso, amma da kan yatsu biyu kawai ta riƙe rigar don kada ta sa mata datti.

Sai idona ya sauka a gwiwarta. Kin san tsohon zanen da take ɗaurawa a sama in tana kasuwa don tare ƙasa. A hoton ya ɗan zame, bakin na ƙasan ya leƙo. Kore ne, mai zanen zabi. Erdoo, atamfar da na aika mata da Kirsimeti ce! Wadda kika ce mini ta jefa a akwati ta ce ba ta ɗaura zanen mutumin da ba ta sani ba. Ashe ta kai an ɗinke bakin atamfar, ta ɗaura ta ranar da ta san zan zo, ba ta ce wa kowa komai ba. Amsarta ke nan, ta ba ni ita tun kafin ta furta, a yaren da ya kamata mai atamfa ya fi kowa ji. Ni da nake gane zanen shagona a jikin mace daga can ƙarshen layi, na zauna gabanta na cinye doyarta ban gani ba, sannan na dawo gida na rufe shi da gajimaren Kwandere. Na kifa kaina a kan dila na yi kuka da rana tsaka, masu ciniki suka zo suka tafi ban ɗago ba.

Ya ke wadda zuciyata ta zaɓa tun ranar da kika shigo shagona kika raina mini kaya kika tafi ba ki sayi ko ƙyalle ba, me zan ce miki? In ce ina sonki? Ai son ne ya jawo wannan, so mara ido, wanda ya ɗauki fuska ya bar ƙafa. Na so ki kamar tauraruwa, a rataye a sama babu uwa babu gari, alhali ke 'yar Mama Cordelia ce ta layin 'yan doya, kuma wannan ɗin ce ta sace mini zuciya. Kewarki ta hana ni jin ɗanɗanon abinci. In babur ya tsaya a bakin layi sai na miƙe, in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Amma ba zan roƙe ki ki tausaya mini ba, domin wadda ta hau babur da silifas ɗaya ta fi ni cancantar tausayinki.

Ga abin da na yi. Na kai hoton wurin masu bugawa, na ce a fitar da shi babba, a sa masa firam. Mai wurin ya duba ya ce ko ya ɗan goge mini taɓon nan ya gyara hasken? Na ce in ya taɓa ko ɗigo ɗaya ni da shi ne. Yana nan a shago na jingine shi yana fuskantar ƙofa, duk wanda ya shigo ya tambaya sai in ce wannan ce wadda nake nema, wannan kuma mahaifiyarta ce, a Doma take sayar da doya. Yayyena sun gani. Baffa ya gani, ya daɗe a gabansa, ya ce ashe dai akwai hoto mai kyau haka na tsaya shirme.

Ranar kasuwar Doma mai zuwa zan ɗauke shi in tafi, ni kaɗai, ba Baffa ba goro. Ba gida zan same ta ba, inda za a rufa mini asiri. A layin zan same ta, gaban matan da suka ga ɗankwalinta ya faɗi, in tsuguna a cikin taɓon nan da na raina, in miƙa mata. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ta juya mini baya, ta yi daidai, zan ajiye shi gefen doyarta in tashi, in kuma dawo wata kasuwar. Kada ki roƙe ta a madadina, kin tsuguna saboda ni ya isa haka.

Alfarma ɗaya nake nema a wurinki, ya sanyin raina. Duk zamana da mutanenku ban iya komai da yarenku ba sai "msugh" da nake wa masu ciniki in sun biya, wannan ma abin kunya ne na daban. Ki rubuto mini yadda ake cewa da Tibi, "Mama, na gan ki, ki yafe mini." Ki rubuta a bayan takardar nan ki ba direban, ko da ba za ki ƙara ko gaisuwa ba. Zan yi ta maimaitawa har harshena ya karye ya saba. Na san matan layin za su yi mini dariya, su yi, na ci bashin dariyar da ta fi wannan. Ba na so ta ji tubana da yaren da na yi ciniki da shi, so nake ta ji shi da yaren da ta yi kukanki da shi a kan babur.

Na sa ƙaramin kwafin hoton cikin ambulan ɗin nan. Kada ki tsaya kan fuskarki, kin san tana da kyau, na kuma gaya miki har kin gaji. Ki duba ƙasa ta hannun hagu, wajen gwiwar Mama.

Naki ne ni, da taɓon da doyar da duk abin da ke cikin hoton, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a kai ni kafin rana ta faɗi, babu hoto babu fosta.

Kalilu,
layin 'yan atamfa, kasuwar Lafiya.